Digirin Tarihi, Harshe da Adabi: Ya Kai A Ci Bashi Dominsa?

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a rage sauti)

 Gaisuwa ga mutanen cikin garin Lafiya, daga Ƙofar Fada har Rimi Uku, da na Bukan Sidi da Tudun Gwandara da Shabu, da ɗalibanmu na Gandu da Akunza. Na Doma da Obi da Keana da Awe, da na Nasarawa Eggon har Akwanga, duk inda wannan murya ta riske ku, a gona ko a shago ko a kan babur, Allah ya sa mun same ku lafiya.

Maganarmu ta yau takan tashi a gidaje da yawa duk shekara, lokacin da jami'o'i suka fara sakin sunayen waɗanda suka ɗauka. Yaro ya cike fom yana son karatun lauya ko aikin jarida. Ya je kafe an buɗe masa shafinsa na JAMB, sai ya ga an ba shi Tarihi, ko Falsafa, ko Faransanci, ko Nazarin Addini, ko Wasan Kwaikwayo. A gaban allon kwamfutar nan zaɓi biyu ne kawai, ya karɓa ko ya ƙi, ga mai kafe tsaye a kansa yana cewa, "Malam yi sauri, akwai layi." Ya koma gida da takarda. Uba ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Tarihi? To in ka gama wa zai ɗauke ka aiki?" Uwa ta ce, "Alhaji, gara ya karɓa da ya sake shekara a gida." A da, nan maganar ke tsayawa. Yanzu an ƙara mata wani reshe, domin gwamnati ta buɗe rancen karatu. Shin yaro ya ci bashi don ya karanta abin da jama'a ke cewa ba shi da kasuwa?

Zan faɗi matsayina tun da wuri, don mai sauraro ya san inda na dosa. Na yarda wannan karatu ya kai a kashe masa kuɗi, har ma a ci irin wannan bashi dominsa. Amma da sharaɗi, kuma sharaɗin mai nauyi ne: sai ga wanda zai shiga ya karanta da gaske. Wanda zai je ya zauna shekara huɗu yana jiran kwali, ya fito bai iya rubuta wasiƙa mai shafi ɗaya ba, wannan ya yi asara ko da kyauta aka koyar da shi.

Bari mu fara da kuɗi, tunda shi ne ke hana iyaye barci. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, komai ya tashi, jami'o'i ma suka bi sahu. A shekarar ta 2023 Jami'ar Legas ta ɗaga kuɗin rajista daga wajen naira 19,000 zuwa sama da 100,000, wasu kwasa-kwasan har 190,000, kafin a ɗan rage bayan ɗalibai sun yi zanga-zanga. A Kano, ƙarin da Jami'ar Bayero ta yi ya kai sai da gwamnatin jihar ta ware naira miliyan 700 don biya wa ɗalibai 7,000. A takarda, jami'ar tarayya ba ta karɓar kuɗin koyarwa. A aljihun uba kuwa, sunan da aka ba kuɗin bai dame shi ba, shi dai ya san ya biya.

Kuma kuɗin rajista shi ne ƙarami a cikin lissafin. Wanda ya ajiye ɗa a Gandu ko a Keffi ya san da hayar ɗaki da ake biya ta shekara gaba ɗaya, da garin kwaki da man girki, da kuɗin acaba safe da yamma, da data, da buga takardu, da kuɗin furojet a shekarar ƙarshe. Manomi a Doma ko Obi ba albashi yake jira ba. Riɗinsa ne, ko agushi, ko doya. Sau da yawa ranar rufe rajista kan faɗo daidai lokacin kaka, sa'ad da kaya ya cika kasuwa farashi ya faɗi. Buhun da ya so ya ajiye har bazara ya yi daraja, dole ya ɗora shi a babur ya kai wa ɗan sari ya karɓi abin da aka ba shi, saboda yaro ya bugo waya cewa jibi za a rufe. Wannan rarar da ya rasa ita ma kuɗin makaranta ce, ko da yake babu rasiɗin da ya nuna ta. Ba mu kuma manta da watan Maris na 2024 ba, lokacin da ɗalibai mata suka rasa rayukansu a Keffi cikin turmutsutsun karɓar shinkafar tallafi. Allah ya ji ƙansu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana halin da ɗalibi yake ciki game da abin kai wa baki.

Sai lokaci. Digirin shekara huɗu a ƙasar nan ba kullum yake ƙarewa a huɗu ba. A 2020 malaman jami'a sun yi yajin aiki na wajen wata tara, a 2022 kuma suka yi na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Mai gidan haya bai san da yajin aiki ba. A cikin waɗannan shekaru, sa'an yaron nan da ya tsaya koyon walda ko gyaran waya ko haɗa sola ya riga ya sami 'yanci a wurin ubangidansa ya buɗe nasa shago. Duk uban da ya sa wannan a ma'auni, ba jahilci ya sa shi ba, lissafi ne, kuma bai kamata a raina masa hankali ba.

To, mene ne wannan rance? Shugaba Bola Tinubu ya fara sa hannu a dokar a watan Yunin 2023. Waccan ta farko tana da sharuɗɗa masu tsauri, sai ka kawo masu tsaya maka, sai kuma kuɗin shigar gidanku bai wuce wani adadi ba. Aka sake ta, aka sa hannu a sabuwa a Afrilun 2024, aka cire waɗannan shingaye, sannan asusun da ake kira NELFUND ya buɗe shafinsa na intanet a watan Mayun shekarar. Na ɗaliban makarantun gwamnati ne, jami'a da kwalejin kimiyya da fasaha da kwalejin ilimi, na tarayya da na jiha. Kashi biyu ne. Akwai kuɗin rajista, wanda ake tura wa makaranta kai tsaye ba ya bi ta hannun ɗalibi. Akwai kuma alawus na naira 20,000 a wata da ke shiga asusun ɗalibi, ga wanda ya nema. Babu kuɗin ruwa a kai, abin da ka karɓa shi za ka mayar. Wannan babban abu ne ga duk mai gudun riba saboda addininsa. Biya yana farawa ne shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi, mai sana'ar kansa kuma ya ba da kashi 10 na ribarsa. Wanda bai sami aiki ba yana iya neman a ɗaga masa ƙafa da takardar rantsuwa, amma yin ƙarya a nan laifi ne da ke kai mutum kurkuku. Idan mutum ya rasu, doka ta ba da damar a yafe.

Yanzu ku ɗauko biro mu yi lissafi tare. Waɗannan alƙaluma misali ne na ƙaddara, kowa ya sa nasa. A ce rajista naira 100,000 ce a shekara, shekara huɗu 400,000 ke nan. A ce ɗalibi ya karɓi alawus na wata goma kowace shekara, shi kuma 800,000. Jimla miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. In ya fito ya sami aikin da ke biyan mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wato 70,000, za a riƙa cire 7,000 a wata, sai ya shekara goma sha huɗu da 'yan watanni yana biya. In albashinsa 200,000 ne, shekara biyar ya gama. In kuwa ya faɗa irin makarantun kuɗin nan da ke ba mai digiri 40,000, to shekara ashirin da biyar ce. Ku lura da abu ɗaya a lissafin nan: kashi biyu cikin uku na bashin alawus ne. Wanda ya ci rancen rajista kaɗai, ya nemi na abinci ta wata hanya, 400,000 ce a kansa, ko a albashin 70,000 bai kai shekara biyar ba ya sauke.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Bashin da babu ruwa a kansa, a ƙasar da farashi ke hawa, nauyinsa raguwa yake yi. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100. Naira dubu ɗari da aka biya maka yau, ranar da za ka mayar da ita ba za ta sayi abin da take saya yanzu ba. Shi ya sa nake cewa kada a kawo mana tsoron Amurka nan. A can bashin ɗalibai ya haura dala tiriliyan ɗaya da rabi, a kan mutum sama da miliyan 40, kuma da kuɗin ruwa, har za ka ga mutum ya shekara goma yana biya uwar kuɗin ba ta motsa ba. A Ostareliya ma, a 2021 gwamnati ta ninka kuɗin karatun fannin adabi da zamantakewa fiye da sau biyu, da niyyar karkata matasa zuwa wasu fannoni. Namu bai kai nan ba. Dokarmu ba ta bambanta mai karanta Tarihi da mai karanta Injiniya ba.

Sai dai ina jin wata magana a bakin wasu ƙannenmu da ba ta yi mini daɗi. Suna cewa, "Ai kuɗin gwamnati ne, rabonmu ne, wa zai biya?" Ƙanena, ka cike da lambar NIN da BVN ɗinka, sunanka yana nan ba ya goguwa. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne a ci shi. Abin kunya shi ne a ci da niyyar ƙin biya. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan bashi take, kuma babu cocin da ke koyar da cin amana. An taɓa yin irin wannan a ƙasar nan. A 1972, zamanin Janar Gowon, an kafa hukumar ba ɗalibai rance. Da yawa suka karɓa ba su mayar ba, abin ya durƙushe. A 1993 aka sake yin dokar kafa bankin ilimi, shi ma bai je ko'ina ba. Waɗanda suka ƙi biya a wancan lokaci, 'ya'yan talakawan da suka zo bayansu suka rufe wa ƙofa shekaru masu yawa.

(Gajeren kiɗa)

Jama'a, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan karatun Tarihi da harsuna da adabi da makamantansu, ko ya kai a ci bashi dominsa.

Ba zan yaudare ku a kan aiki ba. Zamanin da mai digiri ke fitowa ya tarar da ofis da mota suna jiransa ya wuce tun kafin a haifi ɗaliban yau. An ƙirƙiro jiharmu ta Nasarawa ranar 1 ga Oktoban 1996, aka buɗe ma'aikatu, aka ɗebi mutane, kujerun suka cika. Tun daga nan mun sami Jami'ar Jiha a Keffi, mun sami Jami'ar Tarayya a nan Lafiya a 2011, ga kwalejin Isa Mustapha Agwai, ban da tsofaffin kwalejoji irin ta aikin gona, da ta ilimi a Akwanga, da ta tarayya a garin Nasarawa. Kowace shekara suna yaye dubbai, sakatariya kuwa ba ta ƙara faɗi ba. Wasu suka tafi Mararaba da Masaka suna kwana a ɗaki ɗaya su biyar, suna sammakon shiga Abuja da fayil a hammata. A 2023 Majalisar Wakilai ta yi zaman bincike a bainar jama'a kan sayar da guraben aikin gwamnati, kowa ya ji abin da aka faɗa. Saboda haka idan matashi ya ce boko damfara ce, ban yarda da shi ba, amma na san inda ciwon yake. Ku dai lura, a layin masu POS da masu acaba ba 'yan Tarihi kaɗai ba ne. Akwai mai digirin Kimiyyar Sinadarai, akwai na Lissafi. Rashin aiki bai tambayi kwas ba.

Ga inda nake so mu daɗe. Ku ɗauki ɗalibai biyu a aji ɗaya, malami ɗaya, kuɗi ɗaya. Na farko tun ranar da ya shiga yake cewa, "Ba shi na nema ba, shi suka ba ni." Kuma gaskiya ne, domin guraben karatun lauya ƙayyadaddu ne, masu nema sun ninka su, sai a watsa ragowar zuwa sassan da ke da wuri. Ya riƙe wannan haushi shekara huɗu. Bai taɓa karanta littafi guda daga bango zuwa bango ba. Sati biyu kafin jarrabawa ya haddace handawut, ya juye, ya manta. Furojet ya biya aka rubuta masa, ko ya sa manhajar waya ta rubuta. Na biyu shi ma ba abin da ya nema ba ne, amma da ya zauna ya ga abin yana da daɗi, sai ya rungume shi. Yana shiga laburare. Malami ya mayar masa da rubutu da jan biro, ya sake, ya kuma sakewa. Da aka zo furojet ya ɗauki waya da littafi ya tafi Keana ya zauna da matan da ke dafa gishiri, ya tambaye su yadda ake gadon wurin, da yadda ake tace ƙasar, da abin da ya sa 'yan mata suka rage shiga sana'ar. Ya dawo ya rubuta da hannunsa, ya tsaya gaban malamai ya kare.

Ranar yaye su, riga iri ɗaya, kwali iri ɗaya. Amma ka ba su rahoto mai shafi talatin ka ce kowa ya taƙaita maka shi a shafi ɗaya kafin la'asar, nan take za ka san wane ne wane. Na biyun ya iya karanta abu mai tsawo ya ciro ƙashin bayansa. Ya iya yi wa dattijo tambaya ba tare da ya ɓata masa rai ba. In an kawo masa labari biyu masu karo da juna, ya san yadda ake auna su, ya tambayi wa ya faɗa, yaushe, kuma me zai samu in an yarda da shi. Ya iya tsayawa gaban mutane ya yi bayani a fahimta. Wannan shi ne kayan da ake saya da kuɗin rajistar nan, kuma shi ne ke biyan bashi. Da shi ake aiki a gidan rediyo da jarida, da ƙungiyoyin agaji masu neman mai tattara bayanai a ƙauyuka, da ofishin hulɗa da jama'a, da banki, da kotu, da aji. Mai Hausa mai kyau da Turanci mai kyau yana da ƙofofi da yawa: BBC da DW da RFI da TRT duk suna da sashen Hausa, ga fassarar fina-finai da takardun asibiti da manhajojin waya, wasu ma daga ɗakinsu suke yi a biya su ta intanet.

Na farkon fa? Ya kashe kuɗin riɗin ubansa, ya ɗauki bashi, ya ba da shekara huɗu ko biyar na ƙuruciyarsa, ya fito da takarda kawai. Shi ne za ka ji yana zagin kwas ɗin. Da ya tsaya tun farko ya koyi sana'a, ko ya sake zama JAMB, da ya fi masa alheri nesa ba kusa ba.

Akan kawo sunayen manya a irin wannan muhawara, ni ma zan kawo kaɗan. Chinua Achebe ya shiga kwalejin jami'a ta Ibadan a 1948 da tallafin karatun likita. Bayan shekara guda ya bar likitanci ya koma Turanci da Tarihi da Nazarin Addini, ya rasa tallafin, sai da 'yan'uwa suka sa hannu. Da ya gama, gidan rediyo ya yi wa aiki, a nan yake lokacin da littafinsa na farko ya fito a 1958. Farfesa Tijjani Muhammad Bande, ɗan jihar Kebbi, Kimiyyar Siyasa ya karanta, ya shugabanci Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya daga 2019 zuwa 2020. A nan gida, Labaran Maku Tarihi da koyarwa ya karanta a Jami'ar Jos, ya yi aikin jarida, ya zama mataimakin gwamna, ya zama ministan yaɗa labarai. Sai dai a yi hattara da irin waɗannan misalai. Sun yi karatu lokacin da aji bai cika maƙil ba, kuma a bayan kowane ɗayansu akwai ɗaruruwan da ba a ji sunansu ba. Abin da na ɗauka daga gare su shi ne dukansu sun iya alƙalami kuma sun iya magana, da haka suka ci abinci.

Akwai kuma lissafin da ba na aljihun mutum ɗaya ba ne, na gari ne. Dubi inda muke zaune. A kasuwar Lafiya kaɗai za ka ji Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Mada da Tibi da Fulatanci da Hausa, a garin da Barebari suka kafa sama da shekara ɗari biyu da suka wuce. Da yawan waɗannan harsuna ba su da isassun littattafai, yaran birni kuma sun fara amsa wa kakanninsu da Hausa ko Turancin buroka. Wa zai rubuta su, in ba wanda ya karanci ilimin harshe ba? Tsohuwa ta zo asibiti daga ƙauye, ba ta jin Turanci, Hausarta ta ciniki ce kawai, likita yana tambaya tana kallon jikanta ɗan firamare ya fassara mata ciwon da take jin kunyar faɗa a gabansa. Wannan gurbin aiki ne da ba a buɗe ba tukuna.

Mun kuma san abin da rashin fahimtar juna ya jawo mana. Mun ga rikicin 2001 a kudancin jihar nan, mun ga na Alakyo a watan Mayun 2013, muna kuma ganin na manoma da makiyaya kusan kowace damina. Ana tura jami'an tsaro su kashe wutar, amma in ƙura ta lafa aka zauna teburin sulhu, sai an nemi wanda ya san wa ya zauna ina, yaushe aka shata wace iyaka, me tsofaffin takardun lardin Binuwai da na Filato da ke ajiye a Kaduna suka ce, kuma me dattawan kowane ɓangare suke riƙe da shi a ka. In babu masanin da zai faɗi gaskiya ko ta ɗaci, sai kowa ya zo da tarihin da ya ji a majalisar shayi ko ya gani a Facebook. Haka batun ma'adinai. A 2024 an buɗe masana'antar sarrafa litiyom a ƙaramar hukumar Nasarawa, ga gonar shinkafa a Rukubi, ga ta rake a Tunga. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa kamfani ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara haƙa. Injiniya zai haƙa ramin, to wa zai zauna ya karanta wa mai unguwa takardar nan layi bayan layi kafin ya dangwala hannu?

Ƙasar nan ta taɓa gwada watsar da irin wannan ilimi. Wajen 2009 aka cire Tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare. Cikin dalilan da aka bayar har da cewa ɗalibai ba sa so, kuma masu digirinsa ba sa samun aiki. Aka yi shekaru ana yaye yaran da ba su san yadda aka yi yaƙin basasa ba, ba su san Sardauna ba sai a hoto. Da aka dawo da darasin, aka yi bikin ƙaddamarwa a Nuwamban 2022, sai aka tarar babu isassun malamai, dole aka shiga horar da wasu cikin gaggawa. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce a ba kimiyya kashi 60 na guraben jami'a, sauran fannoni 40. Ba ni da ja a kan haka, muna bukatar likitoci da injiniyoyi ƙwarai. Amma arba'in ɗin nan a riƙe ta da daraja, kada ta zama juji inda ake zuba wanda aka rasa yadda za a yi da shi. Kuma gwamnati da masu makarantun kuɗi su ji: ba daidai ba ne a ce ana son malamin Tarihi da na Turanci, sannan a biya shi abin da ba zai kai shi tsakiyar wata ba, alhali ɗan bautar ƙasa ma yanzu 77,000 yake karɓa.

Iyayena maza da mata, idan yaro ya kawo muku takardar nan, kada ku yanke hukunci a daren. Ku tambaye shi ko yana son karatun littafi. Kun fi kowa sanin ɗanku. In tun yana ƙarami shi ne mai naɗe jarida, mai yawan tambaya, mai rubuta wa maƙwabta wasiƙa, ku sa masa albarka ya tafi. In kuwa hannunsa ne mai kaifi, ya kwance rediyo ya ɗaura, littafi kuma yana sa shi gyangyaɗi, kada ku tura shi don a ce ɗanku yana jami'a. Ga kwalejin fasaha, ga wuraren koyon sana'a a cikin garin nan, babu ƙasƙanci a ciki. 'Ya mace kuma kada a ce mata, "Karɓi ko mene ne, ai aure za ki yi." Ita ma bashin da sunanta za a rubuta shi, ita za ta biya, saboda haka a bar ta ta zaɓa da idonta a buɗe.

Ƙannena ɗalibai, in za ku ci rancen, ku ci gwargwadon larura. Wanda gidansu ke cikin Lafiya, yana cin tuwon gida, me zai yi da alawus ɗin da zai ninka masa bashi sau uku? Ku cike fom ɗin da kanku, neman rancen kyauta ne, kada ku ba kowa lambobin sirrinku. Ku adana kowane rasiɗi, ku riƙa duba shafinku, domin a 2025 an yi ta ƙorafin cewa wasu makarantu a ƙasar nan sun karɓi kuɗin ba su sanar da ɗalibai ba, har hukumar ICPC ta shiga bincike. In kun riga kun biya da kanku sannan kuɗin asusun ya iso, haƙƙinku ne a mayar muku. Sannan tun daga aji ɗaya ku haɗa karatun da abin hannu da zai tafi tare da shi. Mai karanta Wasan Kwaikwayo ya koyi ɗaukar hoto da tace bidiyo. Mai karanta harshe ya koyi buga rubutu da sauri da ƙa'idar fassara. Mai Tarihi ya koyi aiki da alƙaluma a kwamfuta, ya kuma yi tunanin difilomar koyarwa da rajistar hukumar malamai. Lokacin hutu ku zo gidajen rediyo da jaridu da ƙungiyoyi ku ce a ba ku aiki ko ba biya, don ranar da za a tambaye ku me kuka taɓa yi, ku sami abin nunawa.

Malamanmu na jami'a, da girmamawa nake roƙonku: ku dawo da jan biro. Na san aji ya yi yawa, albashi bai taka kara ya karya ba. Amma yaron da ya ci bashi ya zo gabanku, in ya fita bai iya rubutu ba, har da ku a cikin alhakin.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu buɗe layukan waya, muna so mu ji daga waɗanda suka riga suka karɓi wannan rance, da iyayen da suka hana 'ya'yansu karɓa, kowa ya faɗi dalilinsa.  

(Kiɗan rufe shiri)